Katin da Ba Shi da Amsa: Gardamar Whot da Aikin da Ke Jiran Marubuta



Batun da muka ɗauko yau zai yi wa wasunmu kama da wasa, kuma gaskiya wasa ne: Whot, kartar nan mai ƙwallo da tauraro wadda kusan kowane yaro a birnin Zazzau ya taɓa riƙewa ko ya ga ana riƙewa. Sai dai gardamar da ake yi a kanta ta wuce wasa. Daga majalisun samarin Limancin Kona zuwa na Kwarbai, Ƙaura da Unguwar Juma, har a fita Ƙofar Doka a nufi Tudun Wada, da wuya a watse don kawai an cinye wani. Abin da ke watsa zama tambayoyi ne huɗu da ba a taɓa yanke musu hukunci ba. Katin 20 yana kare katin 2? Ana tara 5 a kan 5? Ana gama wasa da 20? Idan kasuwa ta ƙare, ƙirga ake yi ko sake cakuɗawa? Kowa yana da amsa, kuma amsar kowa takan dace da abin da ke hannunsa a lokacin.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ƙarfin kati ba laifi ba ne. Katin da ke ɓata wasa shi ne wanda riƙe shi ba ya jawo wa mai shi wata asara, kuma abokin karawa ba shi da abin mayar masa da martani. Ba kuwa za a gane wane kati ne haka ba sai an zauna an ƙirga, an rubuta doka tun kafin a raba. Wannan rubutun aikinmu ne, mu da muke son a kira mu marubuta.

Mu fara da ƙirga

Ba a nan aka haifi Whot ba. Wani Bature mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi a Ingila, ya yi masa rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. A can kasuwarsa ta ja baya, a Nijeriya kuwa ya samu gida, muka ɗora masa dokokin da suka mayar da shi namu.

Kwalin da muke saye yana da kati 54. Ƙwallo 12, mai kusurwa uku 12, kuros 9, akwati 9, tauraro 7, sai katin 20 guda biyar, wanda shi ne Whot ɗin kansa. Babu 6 a ciki, babu 9. Yanzu mu ware masu aiki na musamman. Katin 1, mai tsayar da kowa ka sake wasa, guda biyar ne. Katin 2, ɗauki biyu, biyar. Katin 5, ɗauki uku, biyar. Katin 8, mai tsallake na kusa da kai, uku ne kacal, domin kuros da akwati ba su da 8. Katin 14, kowa ya je kasuwa, huɗu ne, domin tauraro a 8 ya tsaya. Sai 20 guda biyar. In ka haɗa, 27 ke nan, rabin kwali cif.

Wannan lissafi kaɗai ya isa ya rage kukan "ai shi manyan kati yake samu." Idan rabin kwalin manya ne, to a kati biyar da aka raba maka, bisa al'ada biyu ko uku manya ne, kuma haka na abokinka. Inda gwani ya bambanta da ɗan koyo shi ne sanin lokacin saukewa. Ɗan koyo yana jefa 2 tun zagayen farko don ya ji daɗin kallon mutum yana ɗiba. Gwani yana riƙe shi har sai na kusa da shi ya ce "las kad."

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: ƙarfin kati yana canzawa da yawan mutanen da ke zaune. Idan mutum huɗu ne, katin 8 mutum ɗaya yake tsallakewa, saura biyu su yi wasa kafin a dawo kanka. Idan ku biyu ne, 8 da 1 aiki ɗaya suke yi, kuma 2 da 5 da 14 su ma duk suna dawo maka da wasa. Shi ya sa a wasan mutum biyu za ka ga wani ya zazzage kati biyar a jere, abokinsa ko motsi bai yi ba. Dokar da ta yi daidai da mutum huɗu tana iya zama zalunci ga mutum biyu.

Haka batun abin da za ka nema idan ka sauke 20. A ce abokinka kati ɗaya ya rage masa. In ka nemi ƙwallo, kati 12 na ƙwallo da sauran 20 guda huɗu duk suna fitar da shi, wato 16 cikin 53, kusan uku cikin goma. In ka nemi tauraro, 11 ne cikin 53, kusan ɗaya cikin biyar. Wanda yake lura da abin da aka riga aka zubar a ƙasa yana iya rage wannan ƙasa da haka. Ga dabara nan, a cikin wasan da wasu ke cewa sa'a ce zalla.

Darasi daga masu sayar da ƙarfi

Don mu fahimci gardamarmu da kyau, bari mu leƙa inda aka mayar da irinta sana'a. Akwai wani nau'in karta da ya bazu a Amurka, Turai da Japan, wanda ba a sayen sa kwali ɗaya cikakke kamar namu. Ɗan wasa yana sayen ƙananan ƙunshi ne a rufe, bai san abin da ke ciki ba, ya tara, ya yi musaya da wasu, ya zaɓi waɗanda yake so ya haɗa rundunarsa, ya zo ya kara da rundunar wani. Uban wannan nau'i shi ne Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya tsara, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Kartar Pokémon ta biyo baya a 1996, ta Yu-Gi-Oh! ta kamfanin Konami a 1999. Wasu cikinmu sun san sunayen nan biyu daga katun na talabijin.

A Magic, kafin ka sauke kati sai ka biya wani kuɗin cikin wasa, wanda ke taruwa a hankali zagaye bayan zagaye. Babban kati, babban farashi. To a bugun farko an saka wani kati mai suna Black Lotus, wanda ba a biyan komai wajen sauke shi, amma yana ba ka kuɗi uku nan take. Mai shi yana iya yin a zagayen farko abin da abokinsa sai ya jira zagaye na huɗu. Masu tsara wasan sun san yana da ƙarfi, sai dai sun ɗauka ƙarancinsa zai tsare shi, domin zatonsu kowa 'yan ƙunshi kaɗan zai saya. Sai mutane suka riƙa saye kwali-kwali. Tun a 1994 aka fito da jerin katunan da ba a yarda ka sa fiye da ɗaya ba a gasa, aka kuma kafa dokar runduna ta zama aƙalla kati 60, kada iri ɗaya ya wuce huɗu. Darasi na farko ke nan: ƙarancin abu ba ya zama linzaminsa, domin mai kuɗi zai nemo shi.

A Yu-Gi-Oh! akwai katin da ake kira Pot of Greed, wato tukunyar haɗama. Aikinsa guda ne, ka ɗauki kati biyu. Abin dariya, mu a Whot hukunci ne a ce ka ɗauki biyu, su kuwa a can garaɓasa ce, tunda yawan kati a hannu shi ne ƙarfi. Ba a biyan komai, ba shi da sharaɗi, babu dalilin da zai sa wani ya ƙi sa shi a rundunarsa. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka hana shi a gasa. Ba ya kashe kowa, ba ya ƙona komai. Laifinsa shi ne ya cire zaɓi: katin da kowa dole ya riƙe ya daina zama dabara.

A watan Oktoban 2019 Magic ya fitar da wani kati mai suna Oko, mai arha, wanda ke iya mayar da duk wata babbar dabbar abokin karawa ta koma wata irin barewa marar wani aiki na musamman. Cikin 'yan makonni fiye da rabin 'yan babbar gasa shi suke riƙe da shi, sauran kuma sun haɗa rundunarsu ne don su kare kansu daga gare shi. Ranar 18 ga Nuwamban 2019, mako shida da 'yan kwanaki bayan fitowarsa, kamfanin ya hana shi a babban rukunin gasarsa. Haka aka yi da Skullclamp a 2004 da Nadu a 2024, kuma a duka biyun ma'aikatan kamfanin sun fito sun bayyana cewa an sauya rubutun katin ne dab da bugawa, ba a gwada sabon rubutun yadda ya kamata ba. Marubuta, ku riƙe wannan: gyaran 'yan kalmomi a ƙurarren lokaci ya isa ya rusa wasa sukutum.

Amma kada mu ɗauka maganin shi ne a mayar da duk kati ɗaya. Mark Rosewater, wanda ya daɗe yana jagorantar tsara katunan Magic, ya yi rubutu a 2002 yana kare samuwar raunanan katuna, yana nuna cewa ƙarfi abu ne na kwatance, kuma gane mai kyau daga marar kyau yana cikin abin da ɗan wasa ke koya. Mu ma haka ne. In aka cire 2 da 5 da 14 da 20 daga Whot, abin da zai rage jera launi ne kawai, ko yara ba za su daɗe a kai ba.

Ma'auni uku

Daga wannan tarihi muna iya fitar da tambayoyi uku da za a yi wa kowane kati. Me riƙe shi ke jawo wa mai shi? Me abokin karawa zai iya yi a kai? Sau nawa yake fitowa, kuma ɓarnarsa ta kai ina? Mu auna namu.

Katin 20 shi aka fi kuka da shi, kuma mu a ganinmu shi ya fi kowa daidaito, matuƙar ana ƙirga. Idan kasuwa ta ƙare aka ƙirga, wanda ya ɓoye 20 yana jiran ƙarshe ya ɗauki maki ashirin a kansa, in biyu ne arba'in. Wannan shi ne farashinsa. Haka tauraro, da yake shi ya fi wahalar samu kuma huɗu cikin bakwai ɗinsa manya ne, sai aka ninka makinsa, 8 na tauraro ya zama 16. Duk wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi. Majalisar da ta ce in kasuwa ta ƙare a sake cakuɗa na ƙasa a ci gaba har sai wani ya gama, ta cire wa 20 farashinsa ba tare da ta sani ba. Daga nan riƙe shi har ƙarshe ya zama riba zalla, sai kuma a dawo ana cewa katin ya yi ƙarfi da yawa. Ba katin ne ya canza ba, linzaminsa aka kwance.

Saboda haka muna goyon bayan a bar mutum ya gama wasa da 20. Masu hana wannan suna cewa in ya ce "las kad" da 20 a hannu, an gama. Ba a gama ba. Akwai 2 guda biyar, 5 guda biyar, 14 guda huɗu, kati 14 ke nan da kowannensu zai mayar da shi kasuwa. Wanda ya ɓarnatar da su tun farko ya zargi kansa.

Amma ba mu goyon bayan 20 ya kare 2 ko 5. Katin da ke hawa kan kowane kati, ya zaɓi launi, ya gama wasa, in aka ƙara masa zama garkuwa, ya zama tukunyar haɗama. Kowane aiki a wasan ya koma hannunsa, kuma amsar da muka lissafa a sama ta raunana, domin mai 20 biyu ba abin da zai taɓa shi. A bar 2 ya kare 2, 5 ya kare 5. Ta haka mai katin 2 yana da tambayar da zai yi wa kansa kowane zagaye, in kai hari da shi ko in ajiye shi garkuwa? Wannan tambayar ita ce wasan.

Inda muke ganin matsala ta gaske shi ne tarawa. A wasan mutum huɗu, kati biyar-biyar, an raba 20, an buɗe ɗaya, kasuwa ta rage 33. Idan ana tara 5 a kan 5, mutum ɗaya yana iya ɗibar har 15, kusan rabin kasuwar, ba don ya yi kuskure ba, sai don wurin da ya zauna. Ko uku kawai aka tara, tara ke nan a hannu ɗaya, kuma in aka zo ƙirga ya riga ya faɗi. Hukuncin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba. Tarin 2 yana tsayawa a goma, kuma ba kasafai yake wuce huɗu ko shida ba, ana iya haƙuri da shi. Na 5 kuwa, ko dai kariya ta soke hukuncin baki ɗaya, ko a mayar da 5 kati na gama-gari a wasan mutum biyu, kamar yadda wasu ke yi dama.

Katin 14 ba shi da kariya a yawancin majalisu, kuma ba mu ga laifin haka ba. Kati ɗaya yake sa a ɗauka, kowa yake shafa ban da mai shi, huɗu ne kawai a kwali, kuma in ya kwana a hannunka maki 14 ne. Ɓarnarsa kaɗan, farashinsa babba. Ya ci jarrabawa.

Masu cewa a bar kowa da dokarsa

Mun san za a ce, ai daɗin Whot ke nan, kowace majalisa da nata salon, me ya kawo takarda cikin hira? Akwai gaskiya a ciki. Abokai biyar da suka shekara goma suna wasa a dakali ɗaya ba su buƙatar kowa ya rubuta musu komai. Matsalar tana tasowa ne ran da baƙo ya zauna, ko ran da samarin Kona suka kara da na Sabon Gari, ko ɗalibin da ya saba da dokar Samaru ya dawo gida hutu, ko wanda ya koya a manhajar waya ya zo dakali. A ranar, dokar da ba a rubuta ba takan zama ta mai babbar murya, ko ta babban yaya, ko ta mai kwalin. Ba muna neman a kashe salon kowa ba ne. Muna neman a samu ma'auni ɗaya da za a ce "mu a nan mun saɓa masa a abu kaza da kaza," tun kafin a raba.

Kuma gyara doka don a ceci wasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san cewa kafin 1992 mai tsaron gida yana iya kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. Ƙungiyar da ke gaba sai ta yi ta mayarwa tana cin lokaci, kuma babu abin da ɗaya ɓangaren zai iya yi. Bayan gasar cin kofin duniya ta 1990 aka ga abin ya yi yawa, aka hana. Dabara ce marar amsa, aka sa mata linzami. Ko dara, wadda kakanninmu suka bar mana, gida 30, kowa da 'ya'ya 12, a yawancin wuraren da ake yin ta ba a yarda ka jera uku tun lokacin zubi ba, sai an gama zubi an fara tafiya. Wani ne a can baya ya lura cewa in ba haka ba wasan zai mutu tun bai fara ba. Ba mu san sunansa ba, amma aikin da ya yi shi ne aikin da ma'aikatan Wizards ke karɓar albashi a kansa yau.

Akwai kuma magana mafi nauyi. Mun san inda muke. Kona unguwar malamai ce, kuma a gidaje da yawa kalmar karta ba ta rabuwa da kalmar caca. Ba mu zo ba da fatawa ba, wannan na masu shi ne. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, da zarar an ɗora kuɗi an shiga haram, kuma wasan da ya cinye lokacin salla ko karatu ya zama abin zargi ko da ba a sa ko kwabo ba. Abin da za mu ƙara shi ne, su ma masu Magic sun ci karo da wannan. A dokarsu ta farko kowane ɗan wasa yana ajiye kati ɗaya daga rundunarsa, wanda ya ci ya kwashe. Da suka ga kamanninsa da caca, sai suka watsar da shi, suka hana duk katunan da ke da alaƙa da shi a gasa. Amma sayen ƙunshi a rufe yana nan, kuma shi ma ana tambaya a kansa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin kwamfuta caca ne.

A nan Whot ya fi su da abu guda mai daraja: kwali ɗaya ne, kowa daga cikinsa yake ɗiba. Ɗan attajiri ba zai sayo 20 na shida ba. A can kuwa kamfani yana da riba in sabon kati ya fi tsoho ƙarfi, ɗan wasa kuma yana tafka asara ran da aka hana katin da ya saya da tsada, don haka gardamarsu ta daidaito kullum da ƙanshin kuɗi a jikinta. Har sai da 'yan wasa suka ƙirƙiro rukunin da suke kira Pauper, wato na talaka, inda katunan gama-gari kaɗai ake yarda da su. Mu da wannan adalcin muka fara. Bai kamata mu bar dokar baki ta ƙwace mana shi ba.

Inda marubuci ya shigo

Gwada rubuta dokar katin 2 a jimla ɗaya. Yawancinmu za mu ce, "Wanda aka ba 2 zai ɗauki biyu, sai in ya kare." Ya kare da me? Da kowane 2, ko sai mai launi ɗaya? In ya kare, hukuncin ya mutu ne ko ya wuce kan na gaba? In ya wuce, biyu ne ko huɗu? Wanda ya ɗiba, zai yi wasa a zagayen ko an tsallake shi? In 2 ne katin da aka fara buɗewa, wa zai ɗauka? In da shi mutum ya gama wasa, na kusa da shi zai ɗiba kafin a ƙirga? Tambaya bakwai daga jimla ɗaya. Cikakken kundin dokokin Magic ya haura shafi 200 saboda irin waɗannan ramuka. Mu shafi biyu sun ishe mu, amma shafi biyun da ba su da rami sun fi gajeren labari wuyar rubutawa.

Kuma mu 'yan wannan gari ba mu da uzuri. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ya saba da tunani mai tsari: ga sharaɗi, ga rukuni, ga abin da ke ɓatawa, ga hukuncin wanda ya manta. Ba muna haɗa karatun addini da wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Tarbiyyar ƙwaƙwalwa muke nufi, wadda ba ta barin mas'ala sai ta rufe kowace ƙofa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, inda aka horar da Hausar boko ta iya bayanin abu dalla-dalla. Harshen da ya ɗauki wannan duka ba zai gaza bayanin kati 54 ba. Mun cika ɗaukar cewa marubuci shi ne mai labarin soyayya ko waƙa kawai. Wanda ya iya rubuta dokar wasa da ba za a yi gardama a kanta ba, zai iya rubuta tsarin mulkin ƙungiya, yarjejeniyar haya, da takardar gadon da ba za ta raba zumunci ba.

Masu ƙirƙirarren labari ma akwai rabonsu. Ku duba yawancin jaruman littattafan da muke turawa a Facebook da WhatsApp: matashi, kyakkyawa, attajiri, soja kuma likita, mahaddaci, kowa na tsoronsa, ba ya kuskure. Wannan katin 20 ne da aka cire wa ƙirga aka kuma ba shi kariya. Mai karatu ya san ƙarshe tun shafi na uku. Ku tuna Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Alhaji Imam gwanin wayo ne, amma an ajiye masa Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Wannan ramuwar ce take riƙe mai karatu. Ku yi wa jaruminku tambayoyin nan uku: me ƙarfinsa ke jawo masa, wa ke iya mayar masa, kuma sau nawa kuke barin sa ya ci banza?

Abin da muke ba da shawara

Ga matsayarmu, domin a samu abin tattaunawa. Kati biyar-biyar. A bar ƙirga, tauraro ninki biyu, 20 maki ashirin. Katin 2 kaɗai ke kare 2, kuma ana tarawa. Katin 5 kaɗai ke kare 5, kariya tana soke hukunci, ba a tarawa. Katin 20 ba ya kare komai, amma ana gama wasa da shi. Katin 14 ba shi da kariya. Wanda bai ce "las kad" ba ya ɗauki biyu. A wasan mutum biyu, 5 ya zama kati na gama-gari. Ba a sa kuɗi, ba a canza doka bayan an raba, kuma in an kira salla an kife kati.

Ba mu ce wannan ita ce magana ta ƙarshe ba. Darasin Skullclamp da Nadu shi ne a gwada kafin a buga. Don haka aikin wannan mako kashi biyu ne. Na farko, kowa ya rubuta dokar kati ɗaya, wanda ya ga dama cikin shida ɗin nan, da Hausa tsantsa, kada ta wuce jimla biyar. Na biyu, kowa ya ɗauki ta ɗan'uwansa ya nemo mata rami, ya kawo yanayin da dokar ba ta amsa ba. Masu majalisa kuma su gwada tsarin da ke sama wasa ashirin, su rubuta sau nawa aka gama da 20, sau nawa kasuwa ta ƙare aka ƙirga, su kawo mana adadi maimakon "ni dai a ganina." Wanda ya saɓa mana a kan 20 ko a kan 5, muna maraba, amma ya zo da lissafinsa.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mun ji daga gare ku.